Injin niƙa ya cinye kunnen Yaya Ma'u

Kun taɓa ganin wanda ya hau jirgin bisa har ya riƙe shi da hannunshi, sannan ya dawo shina niƙa dawa? To yayana ne Ma'u, uwa ɗaya uba ɗaya, nan Kaikai ta Kusada. Ni ce Karima ƙanwarshi.

Babanmu ke da injin niƙa a unguwarmu, da shi muke ci. Yaya tun shina ɗan shekara tara shike ɗakin injin, ya dawo makaranta ya tuɓe riga ya shiga, ba ya fitowa sai magariba, fari fat har gashin ido. Shekarar da tsuntsayen jan baki suka sauko ma gero aka turo ƙaramin jirgi ya yi feshi, ya biyo ƙasa ƙasa har ana ganin kan matuƙin, kowa ya watse shi ko ya tsaya tsakar gona baki buɗe. Tun ranar ba shi da zance sai jirgi. Turanci ya kada shi sau biyu a jarabawa ya sake zama har ya ci. Wata tsohuwar unguwarmu, Iya Lami, in ta kawo niƙa sai ta ce kai direban bisa, in ka tashi ka aje ni Makka. Ya ce haba Iya, ke da ko mashin sai kin rufe ido kike hawa.

Akwai wani dattijo a Kankia, Kyaftin Dabo, ya yi tuƙin jirgi ya aje. Shekara biyu Yaya na zuwa gaishe shi duk Juma'a bisa keke, har ran nan ya ce to yaro na ga da gaske kake, zan tsaya maka ka fara koyon ƙaramin jirgi. Ya kai shi makarantar koyon tuƙin jirgi, malami ya ɗauke shi cikin mai kujera biyu suka tashi, har ya sakar mishi sitiyarin ya riƙe. Da ya sauko ya kira ni shina ihu, Karima na ga shanu kamar tururuwa! Ashe malamin ya ja Kyaftin gefe ya ce na yi mishi magana ta abin kunne bai amsa ba sai da na taɓa gwiwarshi, a kai shi likita tukun, dama ba a fara karatu sai da takardar likita.

Likita ya sa shi wani ɗan ɗaki ya sa mishi abu a kunne ya ce in ka ji ƙara ka danna nan. Aka fara da na hagu. Yaya ya zauna shina jira a fara, shina jira, sai likita ya buɗe ƙofa ya ce an gama. Ya tambaye shi wane aiki kake, ya ce niƙa. Shekara nawa, ya ce sha biyar. Likita ya ce abin da ya tahi ya tahi, amma ka nisanci ƙara wata uku ka dawo in sake gwadawa, ko na daman zai ɗan farfaɗo, ban yi maka alkawari ba.

Mu fa ba mu taɓa lura ba, gidanmu kowa da ƙarfi yake magana saboda Baba ma ba ya ji sosai, shi Yaya mun ɗauka miskilanci ne.

Kwana tara ya yi bai shiga ɗakin injin ba. Baba ya koma da kanshi, to ƙirjinshi ba ya son ƙurar gari, ran na bakwai aka fiddo shi riƙe shina tari numfashi na sarƙewa. Injin ya kwana biyu a kashe, mata suka fara kai niƙa wani gari. Da safe sai ga Yaya ya tuɓe riga. Inna ta tare ƙofa ta ce Ma'u kar ka shiga, ma sha ko kunu ne. Ya ce Inna da mi za a dama kunun? Ya tura auduga kunne ya tada injin. Inna ta zauna nan ƙasa tana kuka.

Yau kwana ashirin kenan shina ciki. Kyaftin ya aiko da abin toshe kunne, shina sawa, amma ya ce min in ya kashe injin sai ya riƙa jin wani kuka cikin kanshi da ba ya tsayawa. Littattafan jirgin ya ɗaure su cikin leda ya ɗora bisa rumbu, ko kallonsu ba ya yi.

Ni ban san mi zan yi ba. In akwai wanda ya iya injin niƙa a Kusada ko Kankia ko Kafinsoli da zai riƙe mana wata uku, ya zo Kaikai ya tambayi gidan mai inji. Don Allah don Annabi ku tura ma duk wanda kuka sani, kar ku karanta ku wuce.