Keken da Na Roƙa wa Yayana

Duk wanda zai rubuta tarihin mulkin kai a ƙasar Kabi, in yana son gaskiya, ba daga tuta ko jawabin manya zai fara ba. Daga kalmar keke zai fara. Hausa, duk da yalwarta, a nan ta yi rowa: abin hawa keke, abin ɗinki keke, abin buga takarda ma keke. Ni da nake koyar da nahawu a wata firamare a Birnin Kebbi a lokacin, ni ya kamata in fi kowa sanin haka.

Yayana shan-inna ta kama shi tun yana ƙarami, ta shanye masa ƙafafu duka biyu. Da hannu yake tafiya, yana dafa ƙasa da wasu takalman katako masu mariƙi. Kafaɗunsa kuwa, ko ɗan kokawa ya gani sai ya sake dubawa. Igiya yake tufka a zaure, da ita yake ci. Abu ɗaya ke cin ransa: da damina, kafin ya kai igiyarsa kasuwa, laka ta kai masa ƙirji.

Maƙwabcinmu, wani ma'aikacin asibiti, Kirista daga Filato, shi ya ba shi labarin keken guragu mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu. Ya ce akwai wani ofishi da ke raba kayan taimako albarkacin mulkin kai. Yayana ya ce in rubuta musu.

Na rubuta shafi biyu. Na yabi gwamnati, na yabi zamani, sannan na roƙi a taimaki wannan bawan Allah da "keke wanda zai dogara da kansa da shi". Da na karanta masa, ya ce, "Malam, ban gane rabi ba, amma ta yi daɗi." Ni kuwa na ɗauka yabo ne.

Bayan wata biyu mota ta sauke wani akwati a ƙofar gidanmu. Muka buɗe. Keken ɗinki ne, baƙi, sabo fil, kuma na ƙafa. Masinjan da ya kawo shi ya ce sufeto zai zo bayan yankan shinkafa. In ya tarar ba a aiki da keken, za a ɗauke, akwai masu jira.

Na ce bari in sake rubutu in gyara kuskuren.

"Kul!" in ji Yaya. "Ka sake rubutu su aiko muna keken buga takarda? Wanga ya shigo gidanmu, ba shi hita."

Ya zauna a ƙasa ya danna matakin da hannu, keken ya juya, amma ba ya ganin allura. Muka ɗora shi a kujera, ya ga allura, ƙafafu na reto. Na ce to ni in riƙa taka masa bayan an tashi makaranta.

"Sufeto ya zo ya iske gurgu na ɗinki da ƙahwahun malamin makaranta? Je ka nemo muna mota, za mu Argungu."

A Argungu muna da kawu, maƙeri, mai yi wa masunta ƙugiya da ƙusoshin jirgi. Muka hau motar kaya, Yaya na rungume da keken kamar za a ƙwace a hanya. Kawu ya zagaya keken sau uku, ya taka matakin, ya dubi ƙafafun ɗan ƙanwarsa.

"Wa ya aiko maka da wanga?"

"Gwamnati, Kawu."

"Ta gan ka?"

"Ta ga takardar Malam."

Kawu ya dube ni sama da ƙasa. Sai ya shiga bayan maƙera ya fito da tsohon filafilin tuƙa jirgi. Ya yanke shi daidai tsawon hammatar Yaya in yana zaune. A ƙasa ya ƙera masa baki na ƙarfe da ke kama matakin, a sama ya yi masa gwafa, ya naɗe da fatar akuya, ya sa maɗauri da ke zagaya kafaɗa. In Yaya ya sunkuya, mataki ya sauka. In ya ɗago, ya tashi. Hannaye biyu kuma suna kan ƙyalle.

A faɗe abin da sauƙi. Makon farko keken da baya yake juyawa, zare na tsinkewa. Hammatar Yaya ta ɗuri ruwa, ta fashe, ya sa man shanu ya ci gaba. Matar maƙwabcinmu, wadda ta iya ɗinki tun a garinsu, ita ta koya masa sa zare da yanka. Ta ce kada ya ɓata ƙyalle tukuna, ya cire zaren ya bi layi a takarda. Haka tsofaffin littattafan ɗalibaina suka ƙare, allura ta bi kowane layi ta huda, har da inda na rubuta "a ƙara ƙoƙari" da jan biro. Masu wucewa suna jin ƙarar keke, su leƙo su ga mutum na rangaji gaba da baya, su ce ko karatu yake. Ya ce musu e, karatu ne.

Kafin manoman Zauro su gama yankan shinkafa, Yaya ya ɗinka musu buhuna, ya ɗinka wanduna shida, biyar daga ciki ana iya sa su. Ranar da aka ce sufeto na tafe, ya yi wanka, ya sa rigar da ya ɗinka da kansa, ya ɗaura filafilinsa tun hantsi, ya ajiye yadi a yanke yana jira.

Sufeto ya iso bayan azahar. Ya juya keken, ya duba lambar da ke jikinsa, ya ga ta yi daidai da ta takardarsa, ya sa hannu ya tafi. Bai ce a ɗinka komai ba.