Sarƙar Tayar da Na Rataye a Tsamiya

Makon jiya kafil ɗina, Balaraben da nake yi wa tuƙi a Mu'aither, nan ƙasar Larabawa, ya jefar da wata jaka a bakin gareji, ƙarar ƙarfe ta doki kunnena. Sarƙar taya ce guda biyu. Wai zai kai iyalinsa hutu wata ƙasa mai duwatsu inda ƙanƙara ke rufe hanya, kuma ni zan ja su. Ya ce yalla, wato maza, in duba waya in koyi ɗaurawa. Ban taɓa taka ƙanƙara ba, amma sarƙar nan tun ina shekara tara na san ta.

Babana direban akori-kura ne, ita kaɗai ce mota a ƙauyenmu. Tsakaninmu da kwalta akwai fadama, wadda idan damina ta zauna ko jaki sai lakarta ta riƙe shi. Sarƙa biyu gare shi, yana naɗa wa tayoyin baya, motar ta ciji ƙasa ta wuce. Da rani a zaure yake rataye su, an kuma ja mana kunne a kansu.

To, ka san yaro. Igiyar lilonmu ta tsinke a tsamiyar bakin fadama, na saci sarƙa ɗaya na kai, na zama sarki a cikin sa'o'ina. Kakata, mahaifiyar babana, tana kaɗi a tsakar gida ta ga fitata. Ita ce mai kirana mijinta, kullum tana yi mini gorin ban kawo cefane ba. Da ruwan farko ya sauka babana ya nemi sarƙa ya rasa, ya tsinko tsumagiya ya jera mu. Sai ta ce ita ta ba da aro, tsufa ya sa ta manta wa ta ba. Wa zai yi musu da uwarsa? Ya yar da tsumagiyar. Ni kuwa tsoron a gan ni da ita ya hana ni dawo da ita, kullum gobe.

Ranar wata Laraba da hantsi, ƙasa na tashin ƙamshin ruwan asuba, kububuwa ta sari kakata a gonar kuɓewarta. Aka shimfiɗa ta a bayan mota, kanta bisa cinyata. A tsakiyar fadama muka kafe. Tayar da ke da sarƙa ta tsaya cik, ɗayar tana ta wulwulawa tana feshin taɓo. Maza suka tura, aka cusa kara da duwatsu, a banza. Daga inda nake ina hangen tsamiyar. Gudun minti biyar ne, wallahi bai fi ba. Na dubi idon babana, bakina ya mutu.

Sai bayan la'asar aka kawo shanun noma suka ja mu. Jini na fita ta hancinta. Ba mu kai kwalta da ita ba.

Shekara talatin da wani abu ke nan ban faɗa wa kowa ba. Yanzu an yi wa fadamar gada, yaran garinmu ba su ma san ana sa wa mota sarƙa ba. Ranar nan da na naɗa wa kafil duka biyun kafin ya gama shan shayinsa, har yana tafa mini, sai na koma ɗakina na kira babana. Ya tsufa, sai an ɗaga murya. Na faɗa masa komai, ina kuka kamar ba ni da 'ya'ya uku.

Ya ce, "Na sani. Ran sadakar uku na je tsamiyar na kwance sarƙar da hannuna."

Na ce, "Baba, me ya hana ka yi mini magana?"

"Muna ɗaga ta a gona ta riƙe rigata, ta ce duk abin da na gani daga baya, kada in taɓa mata miji."