Karen Madam a Gindin Randa

A shekarar da damina ta tsere mana, sojoji kuma suka hau mulki a Yamai, ni ina tuƙa motar wata baturiya mai aikin haƙa rijiyoyi tsakanin Tasawa da Mayahi. Wannan aiki shi ke ciyar da bakuna goma sha ɗaya a gidana, don gonata ko akuya ta shiga sai ta fito tana kuka.

Madam na da kare. Na ce kare ne don ita ta ce haka. Fuskarsa kamar an rufe masa ƙofar mota a kai, hanci ya koma ciki ya ƙi fitowa. In yana numfashi sai ka rantse injin niƙa ne ya sha rairayi. A shingen sojoji wani kofur ya leƙo ya ce, "Kai, wa ya taka shi?"

Ana tsakiyar bazara aka kira Madam Yamai, kwana huɗu. Ta miƙo mini igiyarsa ta ce, "In ya mutu, kai ma ka nemi wani aiki."

Rana ta biyu da azahar ya zube a tsakar gidana, harshe ya yi shuɗi, idanu kamar za su faɗo. Na ruga na jawo wanzamin unguwarmu. Ya tsuguna daga nesa, ya saurari gurnanin, ya ce, "Beli ne ya toshe masa maƙogwaro. Sai an yanke."

"To yanke mana, baba!"

"Da askar da nake aske liman? Kai dai ba ka da tsoron Allah."

Na yi masa alkawarin sabuwar aska, ya ce ko ta zinariya ce. Muna cikin gardama sai muka ji injin ya yi shiru. Na ce shi ke nan, tuwona ya mutu.

Ashe jan ciki ya yi ya shige rumfar matata, ya shimfiɗa tumbinsa a jiƙaƙƙen rairayin gindin randa. Numfashi ya dawo a hankali, harshe ya koma ja.

Matata ta fito da muciya. "Malam, kare a gindin randata? Ruwan da na yi asubanci a rijiya kafin in samu?"

Na ce, "Uwargida, wannan ba kare ba ne, buhun gero ne mai ƙafa huɗu."

Ta dube ni, ta dube shi, ta ajiye muciya. Ta bar masa randar, muka koma shan na tulu. Kwana biyu ina yayyafa masa ruwa a ciki ina yi masa fifita, abin da ban taɓa yi wa surukina ba.

Madam ta dawo ta tarar da shi garau. Don murna ta ɗauki wani ya riƙa tuƙa motar, ni kuma ta mayar da ni kujerar baya, da mafici da jiƙaƙƙen tsumma. Albashi bai ragu ba, muka ci tuwo har kaka.