Ramin da Muka Haƙa a Lokacin Yankan Riɗi

A unguwarmu ta gefen Gadarif, jaki ne hukumar ruwa. Haka na taso na gani: ganga a kan karo, wato amalanken jaki, mai jakin yana bugun ta da sanda don a ji zuwansa, mata suna fitowa da jarkoki. Ubana ya sha ruwan jaki har ya koma ga Allah. Ni ma ga gemu ya yi fari, shi nake sha. Tsakanin zamaninsa da nawa an yi zaɓe, an yi juyin mulki, an yi zanga-zanga, yanzu ana yaƙi. Jaki dai bai sauka daga kujerarsa ba.

A da aikina tara mutane ne. Idan riɗi ya nuna a manyan gonakin Fashaga, masu gona sukan aiko mini, in bi gida-gida, kafin azahar na cika lori da maza arba'in. Ba ni da gona, ba ni da shago. Abin da na mallaka shi ne in na ce a fito, a fito. Ba na kai mutum gonar da za a cuce shi, kowa ya san haka.

Wanda bai taɓa yankan riɗi ba bai san gaggawa ba. Riɗi ba ya jiran kowa. Ya nuna yau, ka bar shi kwana kaɗan, kwanso ya fashe, tururuwa ta gode maka. Shi ya sa mai gona ba ya jayayya da ɗan ƙwadago a makonnin nan. Abin da talaka ya samo a yankan riɗi shi ke riƙe gidansa har dawa ta nuna.

Ina da taubashi, ɗan gwaggona. Gidansa yana kallon nawa, hanya ce kawai tsakaninmu. Tun muna yara bai taɓa gaishe ni da mutunci ba, ni ma ban taɓa ba. Da safe zai leƙo ta kan danga ya ce, "Gwamnan lori, yau ma ba ka mutu ba?" In ce, "Ina jiran in ga ranar da za ka yi wanka." A shekarar da nake ba da labarinta ya ƙudura niyya ɗaya: in ya dawo daga riɗi zai sayi jaki da karo, ya shiga sayar da ruwa, ya huta da kwana a gonar wani. Har jakin ya gani a kasuwa, wani fari mai tsagaggen kunne.

Sai zaɓe ya matso, sai ga mutumin jam'iyya. Ustaz ake ce masa. Ya sauko daga farar mota, ya zauna a rumfata, ya sha gahawa, ya yi mini "sannu sannu" da Hausar da ya koyo a hanya. Ya kira ni "ya hajj", wato alhaji, ni da ban taɓa ganin ko bakin teku ba.

"Ya hajj, ruwa ya zo," in ji shi. "Gwamnati ta ba da bututu. Saura rami. Ku haƙa daga bakin kwalta har ƙarshen layinku, mu kuma mu jona. Amma yanzu, ƙasa da sauran laushinta. Kuma rajistar zaɓe cikin makonnin nan ce. In mazanku suna Fashaga, wa zai rubuta sunansu?"

Na ce, "Ustaz, riɗi ya nuna."

"Riɗi kowace shekara yana nuna. Ruwa sau ɗaya yake zuwa."

Washegari lori ya sauke bututu a bakin layinmu, baƙaƙe, dogaye, an jera su kamar itacen gini. Na taɓa su da hannuna. Abin da ya ci ni ke nan. Alkawarin baki na saba ji, amma wannan ana taɓa shi.

Na kira gayya, wadda a nan ake ce wa nafir. Na tsaya a ƙofar masallaci na ce bana ba na cika lori, duk mai jin maganata ya tsaya. Taubashina ya ce, "To jakin nawa fa, Gwamna?" Na ce, a gaban jama'a, "Kai wawa, wa zai sayi ruwan jaki alhali famfo na zuba a tsakar gidansa? Na cece ka daga asara." Aka yi dariya. Ya ce, "In ƙarya ce, a kanka zan ɗaura gangar." Aka ƙara dariya. Ya shiga gida ya fito da diga.

Kwana goma sha shida muna haƙa. Baƙar ƙasar Gadarif in ta jiƙe ta kama ƙafa, in ta bushe ta karya diga. Mata suka yi ta kawo tuwo da miyar busasshiyar kuɓewa. Muna cikin rami har ƙugu muna jin lorin wasu unguwanni suna wucewa gabas da mutanensu, ba mai ɗaga kai. Ranar rajista muka tafi gaba ɗaya, da laka a ƙafa. Abin mamaki, ba wanda ya tambaye mu takardar zama ɗan ƙasa. Mu da in muka je neman ta ake cewa kawo shaidar ubanka, kawo ta kakanka, daga ina kuka zo. Ran nan kowa ɗan ƙasa ne, har ana ba mu kujera.

Ba a taɓa ganin yawanmu ba sai lokacin, don kullum rajista takan same mu a gona. Ina jin da 'yan jam'iyya suka duba takarda suka ga unguwa guda za ta iya tsayar da nata mutum ta ci, sai suka tsorata. Ba wanda ya zo ya faɗa mana haka. Abin da muka gani shi ne, da aka liƙa sunaye, an raba mu biyu. An ja sabon layin mazaɓa, ya bi ta tsakiyar hanyarmu, daidai kan ramin da muka haƙa. Gidajen gefena aka haɗa su da cikin gari, inda ba mu kai cikin cokali ba. Gidajen gefen taubashina aka jefa su cikin mazaɓar ƙauyukan da ke hanyar Mafaza, wuraren da wasunmu ba su taɓa takawa ba, inda mai ci ya riga ya ci tun ba a buɗe akwati ba. Ni da ɗan gwaggona, da nake jin tarinsa daga ɗakina, wai ba wakili ɗaya ne da mu ba.

Ba a daɗe ba, da rana tsaka, lorin ya dawo ya kwashe bututun. Mata suka fito suna ihu, wata tsohuwa ta zauna a kan guda, aka ɗaga ta da lallashi aka ɗauke. Daga baya na gan su an jera a wata unguwa kusa da kasuwa, inda ƙuri'a ke da sauran daraja. Na je ofishin jam'iyya. Na zauna tun hantsi har la'asar. Da Ustaz ya fito ya dafa kafaɗata ya ce, "Ma'alesh, yi haƙuri, ya hajj. Abin daga sama ne." Na ɗaga kai na dubi sama. Fanka ce kawai.

Riɗi kuwa an gama yanka.

Kashegari na fito, taubashina yana ƙofar gidansa, rami tsakaninmu. Na jira zagi. Wallahi da ya zage ni, da ya jefe ni da hoge, da na ji sanyi. Sai ya ɗan rusuna ya ce, "Ina kwana, Yaya. An tashi lafiya?" Kamar wani baƙo. Tun daga ranar haka yake gaishe ni, shekara da shekaru. Jakin mai tsagaggen kunne wani ya saya, har layinmu yakan kawo ruwa.

Da riɗi ya sake nuna na bi gida-gida. Mutum goma sha ɗaya suka hau lorina. Shekarar gaba masu gona suka nemi wani. Na koma dakon buhu a kasuwar hatsi, ina ɗaukar riɗin da wasu suka yanka.

Ramin ya zauna. Da damina ya cika, sauro ya yi gari a ciki, awaki suka faɗa, muka gitta katako muna tsallakawa. Karon ruwa ba ya iya ratsawa, sai ya zagaya ta bayan makaranta kafin ya kai gidajen can gefen, wani lokaci gangar ta ƙare bai kai ba. Me ya hana mu cike shi? Wasu sun ce ƙila bututun ya dawo. Ni ma na faɗa. Gaskiyar ita ce, cike shi yana nufin in tsaya gaban maza in ce na kai ku an yi mana wayo. Ban iya ba.

Sai yaƙi ya koro mutanen Khartum da na Jazira. Makaranta ta cika, kowane gida ya ɗauki baƙi, ruwan jaki ya zama abin rububi. Damina guda amai da gudawa suka shiga layinmu, muka yi jana'iza har muka daina ƙirga kwana. Wani dattijo daga Jazira ya sauka a ɗakin zaurena da iyalinsa. Duk rayuwarsa aikin ruwa ya yi, a hanyoyin ban-ruwan gonakin can. Wata rana ya bi ramin da ƙafa daga ƙarshe har bakin kwalta, ya dawo ya ce, "Maigida, uwar tana ina?"

"Wace uwa?"

"Uwar bututu. Babbar da za a jona ƙaramin a jikinta."

Na ce tana ƙarƙashin kwalta mana. Ya ce in ɗauko diga. Muka haƙa a bakin kwaltar, ni da shi, har muka ci karo da dutse. Babu komai. Ya tambayi tsofaffin masu shagon wurin, suka ce ba a taɓa binne ko tiyo a nan ba. Ya kakkaɓe hannu ya ce, "Kuma layinku hawa ne. Ko da uwar, sai da inji. Nan ko bututun zinariya aka binne, iska za ku sha."

Na zauna a bakin ramin. Shekarun nan duk ina cewa raba mazaɓa ne ya hana mu ruwa. Ashe ruwan ba ya hanya tun farko. Bututun ba don ruwa aka kawo su ba. An kawo su ne don in taɓa.

Bana, kafin damina, sai ga farar mota. Ustaz ne, ya yi ƙiba, jallabiyarsa har ɗaukar ido take. Bai ambaci tsohuwar jam'iyya ba, kamar bai taɓa jin sunanta ba. Yanzu kwamiti ne. Ya ce yaƙi zai ƙare, kowa yana tara mutanensa tun yanzu, unguwarmu kuma ta ninka da baƙi. Yana son sunaye, har na 'yan gudun hijira.

"Kuma ruwa, ya hajj. Wannan karon da gaske. Ku kun ma fi kowa sa'a, ga raminku a haƙe, rabin aiki an gama."

Ban san sanda na miƙe ba. Na kama hannun rigarsa na ce mu taka. Na kai shi bakin kwalta, inda muka haƙa da dattijon. Na ce, "Nuna mini uwar."

Ya leƙa, ya yi 'yar dariya. "Wannan ai aikin injiniyoyi ne."

"Ka sani ko ba ka sani ba, wancan karon?"

"Ya hajj, abin da ya wuce ya wuce."

"Gare ka. Ni a ƙofar gidana yake."

Ranar Juma'a bayan salla na tsaya a ƙofar masallaci, karo na farko tun wancan lokaci. Na ce, "Jama'a, ni na sa kuka bar riɗi. Babu uwar bututu, ba a taɓa yin ta ba, na haƙa na gani. An yaudare ni, ni kuma na ja ku. Gobe da safe zan cike ramin nan. Ba na cewa kowa ya fito." Kowa ya nemi takalminsa.

Da safe na fito da shebur. Dattijon Jazira ya fito, da surukansa biyu, mutanen da ba su ci ba su sha ba a wannan magana. Mu huɗu. Rana ta ɗaga, mu huɗu. Ina jin idanu ta cikin danga. Na ce a raina, to, shi ke nan, an auna ni an ga nauyina.

Sai ƙofar da ke kallon tawa ta buɗe. Taubashina ya fito da shebur a kafaɗa, ya tsaya a ɗaya gefen ramin, cikin mazaɓarsa, ya daɗe yana kallona.

"Gwamna," ya ce, "ka tsufa ka rikice. Riɗi bai nuna ba ka kira gayya? To yau me za mu yi asara?"

Na ce, "Warin jikinka, in Allah ya sa ƙasa ta rufe shi."

"Tsohon banza. Haka ake riƙe shebur? Matsa."

Ya yi tsalle ya faɗa ciki. Kafin azahar na daina ƙirga masu fitowa. Kwana uku muka cike abin da muka haƙa a sha shida. A rana ta biyu farar motar ta zo bakin layi, ta tsaya, ba wanda ya sauko, ta juya.

Har yanzu ba mu da famfo. Layin mazaɓar yana nan a takardarsu, in sun ga dama su zo su neme shi a ƙasa. Shekaranjiya na ji bugun ganga, na leƙa, na ga karon ruwa ya ratsa hanya kai tsaye ya tsaya a ƙofar taubashina, ba zagaye. Iyakar ci gaban da unguwarmu ta gani ke nan, kuma mu muka yi shi da shebur. Taubashin yana cika jarka ya hango ni.

"Gwamna! Zo ka buɗe aikin, a ɗauke ka hoto da jakin!"