Zuwa Mokolo da Yaron da Yake Zama a Kan Hannunsa

Mun tashi da asuba daga Garwa, ana ɗan yayyafi, mu uku: ni, da mijin yayata, wanda mahauci ne a babbar kasuwa, da ɗansa na fari mai shekara tara. Mokolo muka nufa, kuma saboda yaron aka yi tafiyar. Sau biyu yana maimaita aji ɗaya a lekol, wato makarantar boko. Rubutunsa ba ya karantuwa, yana in'ina in an tashe shi karatu, ga faɗa a filin wasa, na baya-bayan nan har ya fasa wa wani baki. Kafin hutun damina direktan makarantar ya kira uban, ya ce in an koma ba zai karɓi yaron ba, sai in likita ya duba shi ya ce kansa na ɗaukar karatu. A wurin aikina, gidan rediyo, na ji labarin wata ma'aikaciya mai gwada ƙwaƙwalwar yara da halayensu, wadda takan zo asibitin mishan na Mokolo lokaci-lokaci. Da ƙyar na shawo kan uban. Shi a wurinsa magana ta ƙare, yaro ya biyo shi mayanka kawai.

A tasha mun tarar da motar Marwa a kunne, kamar yanzu za ta tashi. Duk wanda ya san tashar Garwa ya san kunna mota ba alkawari ba ne. Sai da gari ya waye sosai, aka ɗaure buhunan gishiri da keke biyu a sama, sannan muka fita. Dutsen Tingilin na gefenmu, kansa a baje kamar an aske, gajimare ya rufe rabinsa. Damina ta yi kyau bana. Daga Pitowa zuwa Figil gonakin auduga ne da gyaɗa, kore shar har inda ido ya tsaya. Mijin yayata bai dubi gona ko ɗaya ba. Shanu yake kallo, duk garken da muka wuce sai ya yanke masa hukunci: wannan ƙashi ne, wancan ya isa wuƙa.

Jandarma sun tsayar da mu sau da dama, katin shaida da takardar haraji. Wani tsoho a layinmu ya ɗinke tasa takardar cikin fata kamar laya, aka daɗe ana neman reza. A Figil mun sayi gasasshiyar masara da dafaffiyar gyaɗa, dala biyar, wato sefa ashirin da biyar, ta ƙosar da mu uku, abin da a Garwa ba ya isar mutum ɗaya. A nan na lura da wani abu, amma ban ba shi muhimmanci ba: tun daga gida yaron yake zaune a kan hannunsa na hagu, ya danne shi ƙarƙashin cinya. Na ɗauka sanyi yake ji. Uban kuwa, saboda kunyar ɗan fari, ba ya kiran sunansa. In zai ba shi masara sai ya miƙo mini ya ce, "Ba wa wannan."

Mun kwana a Marwa, gidan wani abokin sana'ar mijin yayata. Garin na nan yadda kuka san shi, inuwar dogon yaro a kowane titi, masu jima da dukawa, Fulatanci a bakin kowa. Kogin da yake ratsa garin, wanda da rani yara ke ƙwallo a cikinsa, ya kawo ruwa ja. Mai masaukinmu ya kawo kilishi, su biyu suka zauna suna kushe kilishin garin juna har aka cinye shi.

Washegari muka hau motar fijo mai tanti zuwa Mokolo. Nan kwalta ta rabu da mu. A wani rafi mun tarar ruwa ya hau kan hanya, motoci sun yi layi, mata sun riga sun kafa kasuwar ƙosai da kunu, alamar wannan jira ba baƙo ba ne. Da ruwan ya janye muka haye, muka fara hawa. Duwatsun Mandara abin kallo ne. Mutanen wurin sun jera duwatsu hawa-hawa tun daga gindi har ƙoli, kowane hawa da dawarsa, ɗakunansu masu tsinin jinka a maƙale tsakanin manyan duwatsu. Iska ta yi sanyi. Dankalin Turawa a bakin hanya kuwa araha kamar kyauta.

A Mokolo muka kwana, da safe muka je asibitin, ƙarami ne, fari, da bishiyoyin mangwaro. Mijin yayata ya tsaya a ƙofa yana kallon gicciyen da ke bango, ya ce, "Kai ɗan rediyo, in aka sa mu waƙa, kai za ka yi." Na ce, "Yaya, murya ce sana'ata, kada ka damu."

Ma'aikaciyar 'yar kudu ce, kowa Madam yake ce mata. Faransanci take yi, da ɗan Fulatanci, don haka ni na zama tafinta. Ɗakinta ba allura, ba ƙwayar magani, sai tebur gajere, da akwatin katako, da hoton shugaban ƙasa a bango kamar kowane ofis. Uban ta fara tambaya: yaushe yaron ya fara tafiya, yaushe ya fara magana, wane wasa yake so. Ya ce uwarsa ce ta sani. Na bayyana mata cewa ba rashin kula ba ne, a wurinmu uba ba ya baza zancen ɗansa na fari. Ta ce ta saba jin haka a arewa, ta wuce.

Sai ta ba yaron fensir ta ce ya zana mutum. Ya riƙe da dama kamar mai riƙe tsinken tsire, yana dannawa har bakin ya karye. Ta fito da 'yan katakai masu gefe ja da fari, ta nuna masa wani zane ta ce ya jera irinsa. Ya yi ta turawa da hannu ɗaya, suna zubewa, yana satar kallon uban. Na ga fuskar mijin yayata ta faɗi. Ni ma a raina na fara shirya abin da zan gaya wa yayata.

Madam ba zanen take kallo ba, kujerar take kallo. Ta ce a roƙi uban ya ɗan sha iska a waje. Bai ji daɗi ba, amma ya fita. Ta bar yaron ya huta, ta yi masa 'yan tambayoyi a kan shanu, ya amsa da in'ina kaɗan. Can, ba zato, ta ɗauko lemo daga aljihu ta jefa masa. Hannun nan na hagu ya fito daga ƙarƙashin cinya ya cafe shi a sama. Nan take ya saki lemon kamar garwashi, ya dubi ƙofa, ya ce mini, "Kawu, kada ka faɗa wa Baba."

Na juya wa Madam wannan jimla zuwa Faransanci.

Da tambaya kaɗan sauran ya fito. Tun yana ƙarami kakarsa take ɗaure masa hannun a cikin riga don kada ya tashi bahago. A aji, in ya manta ya ɗauki alli da hagu, malamin ya sa ya haɗa yatsu ya buga da rula. Yara sun gane, suna kwaikwayon in'inarsa suna kiransa mai hannun kashi, shi kuma ya rama da duka. Madam ta ce masa a ɗakin nan ba mai buga kowa, ya yi da hannun da ya ga dama. Ya jera katakan, zane bayan zane, har wasu da ni kaina na tsaya ina lissafi. Ya sake zana mutum, wannan karon da hula da yatsu da wuƙa a ɗamara. Ba sai an tambaya ko wane ne ba. Ta gwada kunnensa da idonsa, ta sa ya maimaita lambobi, ta karanta masa labari ya mayar mata. Aikin ya ci yini, da hutun salla da na abinci.

Da la'asar ta kira uban, ta yi magana ba ƙari ba ragi. Kan yaron lafiya lau, a wasu abubuwan ma ya wuce tsararsa. Karatu kam yana baya ƙwarai, yana juya wasu haruffa, sai an koma da shi farko a hankali. In'inar ba ta yi alkawarin za ta tafi ba. Za ta rubuta wa direkta ya karɓe shi, a daina dukan hannun, a dawo da shi bayan wata shida. Amma ta ce takardarta ba za ta yi amfani ba in a gida ba a yarda ya yi rubutu da hagu ba.

Ya ce, "A gidanmu ba a taɓa yin bahago ba."

Na ce, "An yi, Yaya. Ɗaure su aka yi."

Ya harare ni. Ya tambaya, cin abinci fa? Gaisuwa fa? Ta ce waɗannan ya ci gaba da dama, ya riga ya iya. Ya ce allon makarantar Alƙur'ani fa? Ta ce wannan ba fanninta ba ne, ya tambayi malaminsu. Na ga amsar nan ta fi komai kwantar masa da hankali. Duk da haka bai ce e ba, bai ce a'a ba. Muka yi godiya muka fita.

A dawowa ruwa bai tare mu ba. Mun ɗauro buhun dankali, wanda ɗan kamasho ya caje mu kamar fasinja. Har Marwa mijin yayata ko shanu bai yi wa hukunci ba, abin da ya dame ni. A tashar Marwa ya ɓace, har direba ya fara hon, sai ga shi da ɗan ƙunshi. Bayan mun wuce Figil ya kwance: sabon allon makaranta ne da sandar alli. Na miƙa hannu kamar kullum in karɓa in ba wa wannan. Ya tsallake ni, ya miƙa wa yaron da kansa.

Yaron ya karɓa da dama, ya rusuna, kamar yadda aka koya masa. Ya ɗora allon a cinya. Ya daɗe yana kallon allin. Sannan a hankali ya mayar da shi hannun hagu, ya ɗago ido. Uban ya juya wajen taga, ya ce, "Dubi wancan bijimin, ɗan rediyo. Wannan ya isa wuƙa."

Mun shiga Garwa da magariba, allon ya cika da shanu da haruffa, wasu a juye. Direkta ya karɓi takardar, ya ce a kawo shi ranar komawa. Maganar malamin allo tana nan, ba a gama ba tukuna.

Abin da na ɗauko daga tafiyar nan kaɗan ne. Kafin a ce yaro daƙiƙi ne ko fitinanne, a samu wanda ya iya dubawa ya zauna da shi yini guda, ba bulala a kusa. Mu duka muna son yaron nan, kuma shekara da shekaru muna kallonsa yana zaune a kan hannunsa, ba wanda ya tambaye shi dalili. Jiya na leƙa gidan yayata, na same shi a zaure yana cin tuwo da dama, allon na jingine a hagunsa.