Igiyar da Kallamu Ya Kwance

Kallamu ya zo Inugu daga wani ƙauyen Katsina da lauje ɗaya da ƙarfin jikinsa. Sana'arsa ita ce yanko wa awakin kasuwa ganye. Kullum da safe sai ya haye tudun da ke yamma da gari, inda itatuwan malaina suka yi duhu, birai na tsalle a kai, makwarwa na tashi fir daga ƙarƙashin ƙafa. Idan ya kai ƙololuwa yakan tsaya ya kalli rufin kwanon garin ya bazu har inda ido ya gaji. Yana son wurin nan ƙwarai.

To, Kallamu mutum ne mai tsimi, ko ƙusa ya gani a hanya sai ya tsince ta. Wata rana ya tarar da wani fili na ƙananan dashe masu ganye shar, an kewaye su da tohon ganyen kwakwa, an ƙulla. Ya ce a ransa Allah ya kawo masa ganye har da igiya. Ya yanke dashen tas, ya kwance ƙullin, ya ɗaure dami da shi.

Bai kai gindin tudu ba Mazi Okwudili, tsohon da mutanen garin suka ɗora wa kula da dajin, ya tare shi. Da tsohon ya ga abin da aka yi igiya da shi, sai ya kai ƙararsa kasuwa.

Maganar ta je gaban Alhaji Maikuɗi, dattijon kasuwar awaki, wanda ya tsufa a Inugu.

"Kai Kallamu, omu ka kwance, tohon kwakwan nan? A nan in ka ga wannan ganyen a ƙulle, an ce kada a taɓa ke nan."

"Wallahi Baba, na ɗauka igiya ce."

"To sun ce ƙafarka ba za ta ƙara taka tudun ba."

In babu tudu babu ganye, in babu ganye sai komawa gida hannu rabbana. Alhaji ya yi ta ba da haƙuri da Inyamuranci har Mazi ya sauko, amma da sharaɗi: Kallamu ya maye dashen, ya raine su. In sun kai damina da rai, ya zauna. In sun mutu, ya nemi wani gari.

Ranin nan Kallamu ya sha wuya. Ya yi ta jidar ruwa da jarka daga rafi, ya share layi kewaye da filin don kada gobarar mafarauta ta tsallako, ya yi ta faɗa da gafiya mai cin saiwa. Wasu dashen sun bushe, ya sake sawa. Abokansa suka laƙaba masa Gandiroban Malaina, bai kula su ba.

Da ruwan farko ya sauka, Mazi ya hau ya zagaya filin yana taɓa sabon toho. Sai ya miƙo wa Kallamu ganyen kwakwa.

"Aboki, na you go tie am," in ji shi, wato shi zai ƙulla.

Kallamu ya karɓa da murna. Ya ƙulla da irin ƙullin da ake ɗaure dami a garinsu, don shi ne kaɗai ƙullin da ya iya. Itatuwan yanzu sun fi shi tsawo, kuma har yau a inuwarsu yake ajiye laujensa ya yi azahar.