Turbo Mai Arha da Kunnen Yayana

Yayana bakanike ne, amma idan ka shigo layin garejinmu ka ce bakanike kake nema, sai a tambaye ka wanne daga ciki. Ka ce Likita, ko mai wankin mota zai nuna maka rumfarsa da baki. Ya sami sunan ne saboda wani dogon tiyon roba da yake ratayawa a wuya. Gefe guda ya liƙa masa guntun bututun tagulla da yake ɗaurewa a jikin inji, ɗaya gefen kuma ya kai kunne, ya lumshe ido. Haka yake duba mota tun ina ƙarami. Ni ne ƙaninsa, walda nake yi, rumfata tana manne da tasa, kwanon rufi ne kawai ya raba mu.

Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, kuma shi ya kore ni daga kanikanci. Wata rana ya miƙo mini tiyon ya ce in faɗi abin da na ji. Na saurara da kyau, na ce na ji inji yana aiki. Ya karɓe abinsa, ya ce kunnena na katako ne, in je in nemi sana'ar da ake yi da ido. Washegari ya kai ni wurin mai walda. Ban taɓa riƙe shi a zuciya ba, don gaskiya ya faɗa.

Mutum ne da ba a gama hira da shi. Kuna tsakiyar magana mota ta gifta a titi, sai ya ɗaga maka yatsa, ya karkata kai, ya ce, "Wannan ba za ta ga ƙarshen wata ba." Sannan ya dawo ya tambaye ka me kake cewa. Matarsa ta ce ranar da aka sallamo ta daga asibiti da ɗansu na fari, tun daga ƙofar asibitin har gida bai leƙa fuskar jaririn ba, yana can yana yi wa direban tasi faɗa a kan injinsa. Da wannan kunnen ya gina gida, da shi ya sa 'ya'yansa a makaranta. Bai iya kwamfuta ba, bai kuma taɓa jin yana bukatarta ba.

Matar tasa ce ta fara ganewa. Ta tsare ni a ƙofar gida wata safiya, ta rage murya duk da ba kowa a kusa.

"Ƙanina, yayanka fa ba ya ji."

Na kwashe da dariya. Na ce, "Maganarki ce ba ya ji, wannan kuwa ba yau aka fara ba."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce butar shayi tana fito a kan wuta yana zaune kusa da ita, bai motsa ba. Wayarsa tana kuka a aljihunsa sai an taɓa shi. Jikarsa mai siririyar murya ta kira shi har ta gaji ta fashe da kuka, shi kuwa yana kallon talabijin. Ta ce manyan muryoyi duk yana ji, rugugin babbar mota ma tun daga nesa yake ganewa, amma sauti in dai siriri ne ya tafi. Na san abin da hakan yake nufi ga mutumin da kunne ne jarinsa.

Na gwada yi masa maganar ta bayan fage. Na ce ni zan je a duba idona, ko zai raka ni a duba masa kunne tunda an je? Ya kalle ni daga sama har ƙasa.

"Kai dai je ka a duba maka ido. Waldar da ka yi wa salansar jiya kamar kaza ta taka taɓo."

Nan maganar ta mutu, na koma rumfata.

Ana cikin haka Mai Caja ya kawo shuɗiyar motarsa. Shagon wayoyi ne da shi a bakin babban titi, magidanci ne da iyalinsa, amma idan ana maganar mota sai ka rantse bai girma ba. Motar mai ƙofa biyu ce, cikinta kusan yana shafar ƙasa, irin waɗanda aka ƙera don gudu. Ta sha hannu kafin ta zo gare shi, amma injinta lafiyayye ne. Gudun da take yi ne ya daina isarsa. Ya buɗe but, ya nuna mana wani ƙaton kwali da ya yi oda ta waya. Turbo ne, mai arha, ba takardar bayani, ba ma sunan kamfani a jikinsa.

Ga wanda bai sani ba, turbo wata fanka ce a cikin ƙoƙon ƙarfe. Hayaƙin da inji ya fitar shi ke juya ta, ita kuma ta danna wa injin iska fiye da abin da zai iya shaƙa da kansa. Iska ta ƙaru, a ƙara mata fetur, mota ta haukace. Amma idan iskar ta yi yawa, wuta takan tashi a cikin inji kafin lokacinta, ta riƙa dukan fistin, wato ƙarfen nan da ke hawa da sauka a cikin inji. Wannan dukan yana da wani ɗan siririn sauti, kamar ana buga ƙaramin cokali a jikin kofin gilashi. Wanda ya ji shi da wuri ya ceci inji. Ni ma a bakin Yaya na koyi wannan, tun shekarun baya.

Mai Caja ya ce ya fara kai kayan wurin masu gyara da kwamfuta, suka leƙa kwalin suka yi masa dariya, suka ce ba za su sa hannu ba.

"Shi ya sa na ce in ba Baba Likita ba, ba wanda zai iya."

Na ga yadda fuskar Yaya ta washe. An daɗe ba a kawo masa irin wannan aikin ba, duk manyan motoci sun koma wajen masu kwamfuta, shi sai canjin birki da baƙin mai. Ya tattare hannun riga ya ce a turo ta ciki.

Kayan nan sun ba mu wahala. Babu bututu ko ɗaya da ya zauna a inda aka ce zai zauna. Wannan ya yi tsawo, wancan ya tokare lagireto, ramukan noti kuwa kamar makaho ne ya huda su. Na yanka, na lanƙwasa, na yi walda, Yaya ya ce bai yi ba, na sake yankawa. Tiyon da ke kai wa turbo baƙin mai ya zo gajere, sai da muka zaga kasuwar kayan gyara muka samo wani. Yaya ya canza famfon fetur, ya sa filogi masu jure zafi, ya naɗe wayoyin da ke kusa da salansa don kada su narke. A wannan ɓangaren ba abin da za ka kushe. Hannunsa yana nan yadda na san shi, har waƙa yake yi a ƙarƙashin motar.

Ni kuwa kullum da damuwa nake tashi. Ɗaura turbo aikin hannu ne, amma saita shi aikin kunne ne, kuma ranar saitin tana matsowa. Na bi Mai Caja har shagonsa. Ban iya buɗe baki na tona asirin yayana ba, sai na ce tunda an gama ɗaurawa, ko zai koma wa masu kwamfuta su saita masa.

"Haba, Mai Walda! Mutanen da suka yi mini dariya? Ko kai ma ba ka yarda da yayanka ba ne?"

Na sayi murfin wayar da ba na bukata, na fito.

Ranar gwaji muka fita titin bayan gari, inda akwai doguwar hanya mai hawa. Yaya ya ɗaure bututun tagullar a jikin inji, ya biyo da tiyon ta gefen bonet ya shigo da shi ta taga. Mai Caja yana tuƙi, Yaya yana gefensa, ni kuma an cusa ni a baya, gwiwoyina a haɓata. Da aka taka totur sai na ji kamar an ja ni ta ƙeya. Turbo ya yi wani huci, Mai Caja ya saki ihu yana dukan sitiyari.

Muka tsaya a gefen hanya. Yaya ya ce inji lafiya lau, har yanzu da sauran wuri. Akwai wani ɗan sandan ƙarfe mai sifirin a jikin turbo, shi ke buɗe wa hayaƙi hanya idan iska ta kai iyaka. Ya ɗauko sifana ya ƙara ɗaure shi, ya ɗan taɓa taimin, wato saitin lokacin tashin wuta a inji, muka koma.

A tsakiyar hawan na ji shi. Ni mai kunnen katako, daga kujerar baya, ba tiyo ba komai, na ji shi sarai. Siririn sauti, cakar-cakar-cakar, yana fitowa daga ƙarƙashin rugugin injin. Na leƙa fuskar Yaya. Idonsa a lumshe, tiyo a kunne, yana murmushi, hannunsa yana yi wa Mai Caja alamar ya ci gaba da takawa.

Na dafa kafaɗarsa na ɗaga murya. "Yaya, inji yana buga fistin! Wallahi ina ji!"

Ya buɗe ido, ya cire tiyon. "Me kake ji?"

"Wannan siririn sautin da kake faɗa. Ga shi nan, duk lokacin da ya taka."

Ya mayar da tiyon, ya saurara tsakaninsa da Allah, na ga ya tattara hankalinsa duka. Ba abin da ya ji. Ya juya wurin Mai Caja.

"Kai ka ji wani abu?"

Mai Caja, wanda bakinsa ya ƙi rufuwa don murna, ya ce shi dai daɗi yake ji.

"Waldarka ce take karkarwa," in ji Yaya. "Wani bututun ne ba ka kama da kyau ba. In mun koma ka gyara."

Na ce ya ba ni tiyon in saurara. Ya ce tiyonsa ba abin wasa ba ne. Na ce a tsaya a ciro filogi a duba. Ya ce filogi sai an yi ɓarna yake nunawa, shi kuwa ba ya jiran ɓarna. Na ce to a sassauta ƙarfen nan ko kaɗan ne. Nan ransa ya ɓaci, ya ce a gaban mai mota zan koya masa aikinsa? Na dubi Mai Caja ta madubi, ya kawar da ido. Mota ba tawa ba, sitiyari ba a hannuna ba, ko ƙofar da zan buɗe in fita babu a bayan nan. Na zauna ina jin injin yana cin kansa, ina jin kamar in yi kuka.

Ba mu kai ƙarshen hawan ba. Motar ta yi wata shaƙuwa, ƙarfinta ya zube, hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ya turnuƙe bayanmu. Mai Caja ya gangara gefe, injin ya yi kakari ya mutu. Motar ɗaukar bulo ce ta jawo mu zuwa gareji da igiya.

Kafin mu sauka mutanen layi sun taru, kuma kowa ya riga ya yanke hukunci. Mai faci ya ce kayan arha ai sun gaji haka. Mai fenti ya ce tun ranar da ya ga kwalin ya san za a rina. Mai Caja kansa, da idonsa ya yi ja, cewa ya yi laifinsa ne da ya ƙi jin maganar masu kwamfuta, har yana ba Yaya haƙuri a kan wahalar da ya sa shi. Ba wanda ya ambaci kunne. Na ji sanyi a raina, na ce shi ke nan, sunan Yaya ya tsira, sai dai mu san yadda za mu yi a gaba.

Yaya ya rufe rumfarsa ya tafi gida. Washegari ya kwance kan injin shi kaɗai, bai kira ni ba. Ta ramin kwanon da ya raba mu na hango shi ya ciro fistin yana juya shi a hannu. Bakin fistin ɗin duk ya zaizaye kamar ɓera ya gaigaye shi, samansa ya yi ƙananan ramuka. Ya ajiye, ya ɗauko turbo ɗin ya juya fankar da yatsa. Ta juya sumul, ba abin da ya same ta. Ya daɗe a tsugune yana kallon su biyun.

Da yamma, bayan layi ya yi sauƙi, ya leƙo rumfata ya ce in zo. Ya zaro tarin makullan rumfarsa daga aljihu ya danƙa mini.

"Tsaya a bayana. Ka kaɗa su kusa da kunnena, kada ka yi magana. In na ji zan ɗaga hannu."

Ya juya mini baya, ya gyara tsayuwa. Na ɗaga makullan daidai kunnensa na dama na fara kaɗawa. Sautinsu ya cika rumfar, har karen mai gadi ya ɗago kai. Na koma kunnen hagu. Na matso har makullan suna kusan taɓa furfurarsa. Na kaɗa har hannuna ya gaji na canza hannu, ina kallon hannayensa biyu a saukake a gefensa, ina roƙon Allah ko yatsa ɗaya ya motsa.

Can sai ya yi gyaran murya, bai waiwayo ba.

"To, fara mana," in ji shi. "Me kake jira?"